Maharazu da Mitar da Ba Ta Tsegumi

Shekara ashirin da shida ke nan da na san Maharazu, tun ranar da ya zo neman auren ƙanwata Ramatu, kuma ko a ranar bai zauna ya gama gaisuwa ba. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya ɗosana, ya tashi ya leƙa waje, ya dawo, ya sake ɗosanawa. Mahaifinmu ya dube shi ya ce ko cinnaku ne a tabarmar. Babu cinnaka ko ɗaya, haka Allah ya yi mutumin.

Ni Zakari ne, mai gyaran keke. Rumfata tana bakin hanyar da ta nufi boda a nan Illela, kuma duk wanda zai tsallaka Ƙonni ta Nijar ko ya dawo sai ya gifta ta gabana. Maharazu yakan gifta sau goma a wuni. Dillalin wake ne da albasa, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa, yana haɗa masu kaya na can Nijar da masu saye na nan. Wayoyinsa biyu, ɗaya layin Najeriya, ɗaya layin Nijar, kuma ban taɓa ganin dukansu sun yi shiru lokaci ɗaya ba. Yana amsa wannan da Hausa, waccan tana kuka a aljihu, ya ciro ta ya jefa mata ɗan guntun Faransancinsa, yana tafiya yana yarfa hannu. In ka ce ya zauna ya sha ruwa sai ya ce maka zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ni kuwa nakan ce masa ai kifin ma a tabki ɗaya yake kwana.

Mutum ne mai kirki, kada wani ya ji ina zolayarsa ya ɗauka wani abu. Bai taɓa barin ƙanwata da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, kuma duk Illela da Kalmalo an san shi, sai dai ba a faɗa a gabansa.

Asalinsu mutanen Kalmalo ne, garin nan na bakin tabki. Su biyu ne maza wurin mahaifiyarsu, Inna Tasalla. Babban, Sahabi, ya zauna gida yana noman albasa a bakin ruwa, tsohuwa tana hannunsa. Maharazu ya dawo Illela saboda kasuwa. Wata safiya cikin bazara, shekara shida da suka wuce, Inna ta cika. Maharazu yana Ƙonni, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, yana tsakiyar cinikin motar wake. Ya ga kiran wansa, ya ce a ransa bari ya gama ya kira. Ya sake gani, ya sake cewa haka. Sau tara Sahabi ya kira. Gawa kuwa ba ta jiran kowa a wurinmu, balle cikin wannan zafi. Kafin azahar an yi mata sutura an kai ta, ni ma ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Sai bayan la'asar ya iso. Zaure cike da mutane, ya tsaya a ƙofa ko takalmi bai gama cirewa ba, ya ce wa wansa, "Don mi ba ku jira ni ba? Ni ba ɗanta ba na?"

Sahabi mutum ne mai sanyi, amma ranar zuciyarsa ta ɗebo shi. Ya ɗaga tsohuwar wayarsa ya nuna wa jama'a. Ya ce, "Sau tara nik kira ka. Wayarka ta amsa ma masu wake, ba ta amsa ma uwarka ba."

Maharazu ya mai da ƙafarsa cikin takalmi ya juya. Gaisuwar rasuwar ma a gidansa na Illela ya karɓa. Tun daga ranar bai sake taka Kalmalo ba, bai kira ba, ba a kira shi ba. Dattawa suka shiga tsakani, malamai suka tuna masa cewa gaba ba ta halatta ta wuce kwana uku, ya ce ya ji. Kowa ya san ƙarami ne ke zuwa wurin babba, babba ba ya tattaki ya bi ƙaninsa da ban haƙuri, don haka ƙafar Maharazu ake jira. Ƙafar nan da ba ta gajiya da yawo kuwa ta ƙi bin wannan hanya ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kabarin. Mu ba ma rubuta suna a kan kabari. Tudun ƙasa ne da ƴan fasassun tukwane, damina biyu uku ta daidaita shi da maƙwabtansa. Ni da na je binnewar, yau ko me za a yi mini ba zan iya nuna wurin ba. Sahabi kaɗai ya riƙe, don shi ke zuwa duk Juma'a. Maharazu bai taɓa tsayawa a kan kabarin mahaifiyarsa ba, kuma ba zai gane shi ba sai wansa ya nuna masa.

Sai aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe boda. Motoci suka yi layi suka tsaya, wayoyin Maharazu suka yi tsit kamar an ɗauke musu rai. Wayyo Ramatu! Mutumin da bai saba wuni a gida ba ya koma yana zagaya tsakar gida, ya buɗe randa ya rufe, ya gyara turken akuya da ba abin da ya same shi, ya fito rumfata ya ɗauki sifana ya ajiye. Wata biyu ana haka kansa ya fara sarawa. A asibiti aka ce jininsa ya hau, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya riƙa motsa jiki. Na yi dariya har da riƙe ciki. A ce wa Maharazu ya motsa jiki! Amma shi ya ɗauki maganar da gaske, ya zo ya zaɓi wani tsohon baƙin keke cikin waɗanda na gyara, ya ce kowace safiya bayan sallar asuba zai riƙa fita.

Ba a yi mako ba ya dawo da sabon abu. Masu gyaran waya na bakin tasha sun sa masa wata manhaja da ke bin sawun mai keke. Tana faɗa maka kilomita nawa ka yi, da gudun da ka yi, da mintocin da ka tsaya, ta kuma zana maka hanyar da ka bi da jan layi a kan taswira. Ya ce in ɗaura masa wayar a kan keke yadda zai riƙa gani yana tafiya. Na yanko tsohon tub ɗin taya na ɗaure masa ita tamau, ina yi ina mita, don na san abin da zai biyo baya.

Ya kuwa biyo. Rana ta ɗaga wayar ta yi zafi ta ɗauke. Hasken rana ya hana shi ganin abin da ke kan gilashi sai ya tsaya ya kare da hula. Ranar da ba a kawo wuta ba caji ya ƙare a tsakiyar hanya, tafiyar ranar ta tafi a banza, ya wuni yana ƙorafi kamar ƙafafunsa ma ba su yi ta ba. Sau ɗaya ya faɗa rami, wayar ta yi tsalle ta dira a kan tsakuwa, gilashin ya tsage. Duk da haka yana son abarsa. Duk wanda ya zauna a bencina sai ya ga jan layin nan ko yana so ko ba ya so.

Nuna wa mutanen ne ya tona shi. Wata rana da hantsi ya miƙa wa Ramatu wayar don ta ga ƙoƙarinsa. Ita kuwa ba ta tsaya kan ta ranar ba, ta riƙa jan yatsa tana duba na jiya da na shekaranjiya da na makon jiya. Ita ta ba ni labarin da bakinta. Ta ce duk layukan iri ɗaya ne, kamar an ɗora su a kan juna. Su fita daga ƙofar gida, su yi yamma, su miƙe har kusa da wani shuɗin wuri, su tsaya cak, su dawo ta inda suka bi. Kowace rana kilomita goma sha uku da ɗigo huɗu, kowace rana tsayuwar minti ashirin ko fiye a wuri ɗaya.

Ta ce masa, "Malam, wanga shuɗin ba tabkin Kalmalo ba na?"

Ya fizge wayar. Ya ce, "Hanyar ta hi kyau, shi ɗai na. Babu motoci."

Ta ce, "To mi kaka tsayawa yi?"

Ya shuri takalmi ya fito.

Ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, sai ga shi da wani ɗan abu a tafin hannu, bai fi akwatin ashana ba, da siririyar igiyar lantarki a jikinsa. Wurin masu gwanjo ya tsinto shi cikin tarkacen kayan keke na Turai. Mitar keke ce. Na taɓa ɗaura irinta sau biyu, don haka na san kanta. Ya ce in cire robar wayar in sa masa wannan.

Na ce, "Kai da kac ce waya ta hi komi? Wagga ba ta da taswira, ba ta da jan layi, ba ta san gabas ba balle yamma."

Ya ce, "Batirin agogo gare ta, shekara guda ba a canzawa. Rana ba ta dame ta ba, ruwa bai dame ta ba. In ta hwaɗi ba ta hwashewa. Ba a kira na cikinta." Ya ƙara da cewa, "Kuma ba ta tsegumi."

Ɗaura mita aiki ne na natsuwa, abin da surukina ba shi da shi. Ana maƙala ɗan mayen ƙarfe a jikin ɗaya daga siraran ƙarafan tayar gaba, a ɗaura abin da ke jin giftawarsa a kusa, duk zagaye ɗaya mita ta ƙirga. Amma sai ka gaya mata girman tayar, in ba haka ba ƙarya za ta yi ta shara maka. Na sa gawayi na yi alama a taya da ƙasa, na ce ya hau ya gangara zagaye ɗaya daidai in auna. Sau huɗu muna yi yana wuce alamar. A na biyar na daka masa tsawa kamar ba mijin ƙanwata ba, sannan ya tsaya inda ya kamata.

Daga ranar ya daina fita da waya. Yakan bar su duka biyun a kan taga ya hau kekensa, in ya dawo ya biyo ta rumfata a ƙara masa iska ko da tayar ba ta nema. Ni kuma idona ya saba, da ya jingina keken sai in saci kallon mitar. Goma sha uku da ɗigo huɗu. Washegari haka. Bayan wata guda haka. Mutumin ya gudu daga mai zane ya koma wurin mai ƙirga, bai san lambar ma magana take yi ba.

Wata Juma'a ya bar mini keken in gyara birki. Da na gama sai shaiɗanin son sani ya kama ni. Na tura shi har ƙofar gidansa, na mai da mitar sifili, na hau na yi yamma. Rabon da in yi doguwar tafiya a keke har na manta, mai gyara ba ya hawa, gwiwoyina suka yi ta ƙara. Ina tafe ina duban lambar. Da ta kai shida da ɗigo bakwai na taka birki na ɗaga kai.

Gawo ne babba a gefen hanya, kafin a shiga gari. Daga gindinsa kana hango zauren Sahabi sarai, da ƙofarsa ta langa-langa, kana kuma hango itatuwan maƙabarta a bayan gidajen. Ƙasan gawon kuwa ta sha taku. Ga inda ake jingina keke har ɓawon itacen ya goge, ga sawun takalmi ɗaya ya je ya dawo, ya je ya dawo, har ya fitar da ƴar hanya da ba ta zuwa ko'ina. Na tsaya ina kallon sawun nan, tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa.

Da ya zo karɓar keke ban ɓoye masa ba. Na ce na je gawon.

Ya ce, "Wane gawo?"

Na ce, "Kak ka maishe ni yaro, Maharazu. Wata shida kana tahiya ƙohwar gidan wanka kana juyowa. An ce zumunta a ƙahwa take, kai ka kai ta har bakin gida ka taka mata birki. Mi ar rage? Taku nawa na?"

Ya tashi, ya zauna, ya ɗauki famfo ya ajiye. Ya ce mutane za su ce yunwar rufe boda ce ta koro shi gida. Na ce mutane sun daɗe da gajiya da zancensa. Ya ce Sahabi ne ya kunyata shi a gaban jama'a. Na ce ƙarya Sahabi ya yi? Nan na fara nadamar kaifin bakina.

Can ya ce, a hankali, "Kullum da niyyar shiga nika hita, Zakari. In na kai gawon sai in ga kamar zauren cike yake da mutane, shina ɗaga wayar. In na shiga mi za ni cewa? In ce gwada mani inda uwata take, ni da anka kira sau tara?" Ya share fuska da hannun riga. "Ban san inda take ba. Ko addu'a ni kai sai dai in huskanci itatuwan."

Na ƙara wa tayarsa iskar da ba ta buƙata, ya hau ya tafi.

Aka buɗe boda, wayoyin suka farfaɗo, ciniki ya dawo, Maharazu ya koma gifta rumfata sau goma a wuni. Amma fitar safe ba ta fasa ba, wayoyin kuma suna kan taga har ya dawo. Damina ta sauka, gawo ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba, shi da ke yin inuwa lokacin da sauran itatuwa suka bushe ya tsaya tsirara lokacin da suka yi kore. Surukina ya ci gaba da tsayuwa a gindinsa babu ko inuwar. Mitar ba ta canza magana ba.

Wata Talata da safe, ina facin tayar wani mai kai madara, sai ga Ramatu da kanta a rumfata, abin da ba ta taɓa yi ba. Hijabinta a karkace, tana haki, wayar mijinta a hannu.

Ta ce, "Yaya, Yaya Sahabi ya kira."

Na ajiye tub ɗin. Ta ce tana shara ta ji wayar tana kuka a taga, ta ƙyale, don ba ta saba taɓa masa waya ba. Wayar ta katse, ta sake kuka, ta katse, ta sake. A na huɗu ta leƙa ta ga sunan, ta ɗauka. Ta gaishe shi, ta ce maigidan ba ya nan, ya fita da keke ya bar wayar a gida.

Sahabi ya ce mata, "Na san ya hita. Ga shi can gindin gawo, ina hangen rigatai."

Ya ci gaba da magana. Ya ce tun ranar farko yake ganinsa. Kowace safiya yana zaune a zaure, ya sa a shimfiɗa tabarma ta biyu, ya ga ƙaninsa ya jingina keke ya yi ta kai da kawowa, sannan ya hau ya koma. Bai fita ba don ba a san babba da bin ƙarami ba, kuma yana tsoron in ya fito yaron ya gudu ya daina zuwa gaba ɗaya. Yaro, in ji shi, mutumin da furfura ta cika wa gemu. To amma yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani. Da rani yana gane fuskar Maharazu daga zaure, yanzu farin riga kawai yake gani, dishi-dishi. Juma'ar da ta wuce sai da ya yi lalube kafin ya gane wurin Inna.

Ramatu ta ce, "Cewa yay yi, na kira shi ɗauka in ce mai shi ƙaraso. Ashe ko yau ba a ɗauka."

Na ji kamar in ɗauki guduma in farfasa mitar nan da hannuna ya ɗaura. Wata tara mutum yana zaune da tabarma a shimfiɗe, ranar da ya karya al'ada ya nemi ƙaninsa kuma wayar tana kan taga saboda ba a son tsegumi.

Ba mu gama ba sai ga Maharazu ya shawo kwana, gumi ya jiƙe masa riga. Ganin matarsa a rumfata ya sa ya diro tun keken bai tsaya ba. Ta miƙa masa wayar. Ya duba. Kira uku da ba a ɗauka ba, na huɗu minti shida. Ramatu ta maimaita masa duk abin da ta gaya mini, har da maganar idanun.

Na sha ganin rashin natsuwar Maharazu, amma ban taɓa ganin irin ta ranar ba. Ya nufi gida, ya dawo. Ya danna lambar wansa, ya katse kafin ta shiga. Ya zauna a benci, ya miƙe kamar ya zauna a kan ƙusa. Ya ce sai gobe da safe, ya fi dacewa. Ya ce a'a, sai ya sayi goro tukuna. Ya ce rigar ta yi datti. Mai madara da ke jiran tayarsa ya buɗe baki yana kallonmu. Ni dai na ci gaba da shafa gam, don na san in na yi magana zan ɓata.

Ramatu ce ta ce, "Malam, idanun ba su jiran gobe."

Ya jefa wayar a aljihun gaba, ya kama keken, ya dube ni. Ya ce, "Raka ni."

Na bar wa maƙwabcina rumfa da mai madara da tayarsa, na ja wani keken da aka kawo gyaran feda na bi shi. Rana ta take, ga laka a hanya, gero ya kai ƙugu dama da hagu. Yana gaba yana tuƙi kamar ana korarsa, ina baya ina tsine wa gwiwoyina. Na yi zaton da wannan gudun zai wuce har cikin zauren. Ina! Muna isa gawon hannunsa ya matse birki da kansa. Ya sauka, ya jingina keken a inda ɓawon ya goge, ya hau ƴar hanyarsa, ya je, ya dawo.

Na buɗe baki zan sauke masa abin da ke cikina sai wayar ta yi kuka a aljihunsa. Ya ciro ta. Daga inda nake ina ganin sunan a kan tsagaggen gilashin. Ta yi kuka ɗaya, biyu, uku, yana riƙe da ita yana kallo.

Na ce, "Walle in ba ka ɗauka ba ni za ni ɗauka."

Ya kai ta kunne. Ya ce, "Na'am, Yaya."

Wurin shiru ne, ina jin muryar tsohon ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ka ɗauka."

"Na ɗauka, Yaya."

"Riguna biyu nika gani. Wace ta taka?"

Maharazu ya ɗaga hannu sama kamar ɗan makaranta, hawaye na bin gemunsa. Can ƙofar langa-langar ta motsa, wani dogon tsoho ya fito da sanda ya tsaya a bakin zaure, bai ƙara taku ɗaya ba. Maharazu ya kama keken ya tura da ƙafa, ina biye. Da muka isa na dubi mitar don in san abin da ya gagare shi wata tara. Ɗigo uku ne kawai ya ƙaru.

Ya durƙusa zai fara magana, Sahabi ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi. Ya ce, "Bari, maganar ta jira, ni ma ina da tawa. Mu tahi wurin Inna tun da sauran haske ga idona."

Maharazu ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba. Muka zaga bayan gidaje har maƙabarta. A bakinta akwai wata tsohuwar aduwa. Sahabi ya dafa ta, ya juya ya fuskanci gabas, ya riƙe hannun ƙaninsa.

Ya ce, "Daga nan nika hwarawa. Taku arba'in da ɗaya, sannan uku hannun dama. Ƙirga da ni da ƙarhi, ka riƙe. In nawa sun tahi, kai za ka kawo ni."

Na tsaya a gindin aduwar da kekuna biyu, ina jin muryoyinsu suna nisa, ɗaya, biyu, uku, tsohon yana faɗa ƙanin yana maimaitawa. A arba'in da ɗaya suka juya dama. Sahabi ya nuna ƙasa da sandarsa, wani ɗan tudu da ciyawa ta rufe, ba abin da ya bambanta shi da na kusa da shi. Maharazu ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kai.

Wayar ta yi kuka a hannuna, lambar Nijar ce, wani mai wake. Na kashe ta na sa a aljihu. Inuwar aduwa ta matsa, na matsa da kekunan. Aka kira azahar a masallacin Kalmalo, Sahabi ya gaji da tsayuwa ya zauna a ƙasa kusa da ƙaninsa. Ƙafafuna suka yi tsami, na sauya wannan na sauya waccan, na leƙa, Maharazu yana nan yadda yake, ko motsi bai yi ba. Shekara ashirin da shida ina cewa Maharazu ya zauna, ranar ce kaɗai na tsaya ina jiran ya tashi.